Wadar Zuci da Ƙurar Arlit

A 1967 wani malamin Zen ɗan Japan, Taisen Deshimaru, ya sauka a Paris, kuma tun daga nan wannan tafarki na addinin Buda ya sami gindin zama a Faransa. Jigon koyarwarsa shi ne, wahalar ɗan Adam daga kwaɗayi take tasowa, maganinta kuwa mutum ya zauna shiru, ya lura da numfashinsa har zuciya ta daina kai-kawo. Yanzu wannan zama ya shiga ofisoshin Turai da Amurka, ana koya wa ma'aikata shi don rage damuwa. Bahaushe ya daɗe da sanin irin wannan nasiha, yana kiranta wadar zuci. Abin dubawa shi ne wanda ke yin nasihar da wanda ake yi wa.

Shekara guda bayan saukar Deshimaru aka kafa kamfanin Somaïr, wanda ya soma fitar da yuraniyam a Arlit a 1971. Cominak ya bi baya a Akouta a 1978. A Anou Araren kuwa, Sonichar yana ƙona gawayin ƙasa tun 1981 domin ba wa mahaƙan da garuruwan yankin wutar lantarki. Ƙarfen ya tafi tashoshin nukiliya na Faransa, ƙasar da mafi yawan wutarta daga can take fitowa, alhali akasarin ƙauyukan Nijar suna kwana cikin duhu. Da aka rufe Cominak ranar 31 ga Maris 2021, an bar dusar ma'adini mai guba kimanin tan miliyan 20 a bakin Akokan. Tun a 2003 masu bincike na CRIIRAD, sa'an nan Greenpeace a 2009, suka gano alamun tururin nukiliya a ruwan sha, da kan tituna, da tsofaffin ƙarafan da ake sayarwa a kasuwa.

To, wanda aka ce ya zauna ya lura da numfashinsa a Akokan, wace iska yake shaƙa? Tsohon lebura da ke neman a duba lafiyar ƙirjinsa, da uwar da ke son tsabtataccen ruwa a randarta, haƙƙinsu suke bi. Duk wanda ya sa wa wannan buƙata sunan kwaɗayi ya zalunce su sau biyu, domin ya hana su abinsu, ya kuma ɗora musu laifin nema.

Tarihin Zen kansa ya nuna haɗarin. Littafin Brian Victoria na 1997 ya bayyana yadda manyan malaman Zen suka mara wa sojojin Japan baya a yaƙe-yaƙensu na mamaya, suka mai da natsuwa horon biyayya. Ɗarikar Soto ta nemi gafara kan wannan a 1992. Amma daga cikin tafarkin nan ne Thich Nhat Hanh ya fito, wanda ya tura matasa gyaran ƙauyukan da yaƙin Biyetnam ya rusa, har abin ya jawo masa zaman hijira tun daga 1966.

Ba sai an je nesa ba ma. A Agadas Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna gaban Malam Jibrilu ɗan Umaru. Shehu mai gudun duniya ne, amma gudun duniyar bai hana shi yin tir da harajin zalunci da ƙwacen dukiyar talakawa ba. Zuhudu na gaskiya mai iko ya kamata ya fara kamawa, tun da a hannunsa abin duniyar yake.

A Yunin 2025 gwamnatin Nijar ta mai da Somaïr mallakar ƙasa. Sai a yi hattara, kada tsohon wa'azin haƙuri ya dawo da rigar kishin ƙasa, don kuwa sauyin mai kamfani bai kwashe tarin gubar ba. Almoustapha Alhacen, wanda tsohon ma'aikacin Somaïr ne, da ƙungiyarsa Aghirin'man sun shafe shekaru suna neman a auna ruwa, a rufe dusar, a kula da marasa lafiya. Aikin malamai da ƙungiyoyin al'adu ne su koya wa yara wadar zuci a kan tufa da abinci, su kuma koya musu yadda ake tambayar sakamakon awon rijiyar unguwarsu.