Wai An Hana Wasan Wuta

Jama'a, kowace shekara in hunturu ya kawo kai, Kirsimeti da sabuwar shekara suka gabato, ko kuwa ana jajibirin Salla, sai mu ji shela a rediyo wai 'yan sanda sun hana sayar da abin wasan wutan nan da yara ke kira nokawut, sun kuma hana harba shi a kan titi da filayen shan iska. Wanda aka kama, in ji su, zai ɗanɗana kuɗarsa. To, madalla. Amma duk wanda ya ratsa kasuwa kashegarin shelar ya san abin da zai gani. Ga shi nan a faifai, ga shi bisa tebur, kwali kwali, kusa da alewa da biskit. Da magariba ta yi kuwa sai unguwa ta ɗauki tas! tas! sai ka ce ba a faɗi kome ba.

Kada wani ya zaci ina goyon bayan wannan wasa. Abin da ke cikin 'yar takardar nan ɗan'uwan albarushi ne, watau gawayi da farar wuta da wani irin gishiri wanda ke ba wuta iskar da take ci. Don haka in ya kama, ko ka kife shi da kwano ba ya mutuwa sai ya cinye kansa. Guda ɗaya yakan tsaya ga yatsan yaro ko idonsa. In an tara shi cikin sito kuwa, sai a tambayi mutanen Ikko. Ran 26 ga watan Disamba, 2012, wani gini da aka cika da wannan kaya a wajen kasuwar Jankara ya kama wuta, ya yi ta fashewa, aka rasa rai, mutane da yawa suka ji ciwo, gine-ginen maƙwabta suka ƙone.

Mu kuwa 'yan kasuwa ba sai an koya mana abin da gobara take ba. A watan Maris na 2016 kasuwar Sabon Gari ta Kano ta ƙone, aka ce rumfuna wajen 3,800 suka tafi cikin dare ɗaya. A 2021 babbar kasuwar Sakkwato ta ƙone cikin Janairu, ta Katsina ta bi baya cikin Maris. Kasuwar Litinin ta Maiduguri ta ƙone a Fabrairun 2023. Ban ce nokawut ne ya ƙone su ba. Amma ku dubi watannin, duk lokacin rani ne, sa'ad da katako da buhu da zana suka bushe ƙayau, iska kuma tana kaɗawa. A irin wannan lokaci tartsatsi ɗaya ya isa. Banda wannan kuma, tun harin da aka kai Kano ran 20 ga Janairu, 2012, ƙara mai ƙarfi cikin taro ba abin dariya ba ce a garin nan. Mutane sukan watse da gudu, a tattake tsofaffi da kayan talla, ɓarayi su sami abin da suke so. Dokar tana da dalili, wannan na yarda.

Inda muka rabu da mahukunta shi ne wajen wanda ake kamawa. Nokawut ba a gona yake tsirowa ba. Galibinsa daga ƙasar Sin ake yo shi, ya hau jirgin ruwa, ya sauka a tasha inda 'yan kwastan suke, ya hau babbar mota, ya wuce shingen bincike bayan shingen bincike tun daga bakin teku har Arewa, ya kwana a siton wani mai kuɗi, kana a raba wa 'yan sari. Duk tsawon wannan tafiya ba wanda ya gan shi. Sai ya iso faifan yarinya mai talla, ko aljihun yaro ɗan shekara 10, sa'an nan idon hukuma ke buɗewa. A kama yaro, uba ya bar rumfarsa ya yi ta sintiri yana ba da haƙuri, a karɓi abin da aka karɓa ba rasit. Shin wannan ba shi ne a bar jaki a daki taiki ba?

Haka abin yake game da hura wuta a lambunan shan iska. Ran nan da yamma na ga abin da ya ɓata mini rai a ƙofar wani lambu. Ma'aikata suka zo suka tarar da wani dattijo mai tsire, wanda na san ya daɗe a wurin, suka ce an hana wuta. Ya ce, “Ranka ya daɗe, yaushe aka hana? Ba wanda ya gaya mini.” Ba su ba shi amsa ba, sai suka watsa masa tukuba, garwashi ya warwatsu cikin busasshiyar ciyawa, har sai da mu 'yan kallo muka bi muna takewa da takalma. Masu hana gobara ke nan! A daren nan kuma, cikin wannan lambu, wasu masu hali suka yi bikinsu, aka yi ta harba irin mai tashi sama yana fesa wuta bisa rufin mutane, maigadi yana tsaye yana kallo.

Wutar mai tsire da ta mai ƙosai da ta mai shayi wuta ce mai uban gida. Tana wuri ɗaya, mai ita yana zaune a gabanta, in ya tashi ya kashe, gama jarinsa ne farkon ƙonewa in ya yi sake. Wutar da ake jefawa sama kuwa ba wanda ya san inda za ta sauka. Dokar da ta haɗa su biyu ta kira su da suna ɗaya, mai yinta bai taɓa zama a kasuwa ba.

Tun da manyanmu suna son koyi da Turawa, bari mu ga yadda suke yi. A Ingila, bisa ga dokarsu ta 2004, ba a harba wasan wuta daga ƙarfe 11 na dare zuwa 7 na safe, sai a 'yan dararen biki da aka ambata da suna, kamar daren sabuwar shekara, inda aka ƙara lokaci zuwa ƙarfe 1. Wanda bai kai shekara 18 ba, ba a sayar masa da manyan irin. Mai kanti kuma ba ya sayarwa sai a kwanakin da aka yanka, in ba ya karɓi lasin na musamman ba. A birnin New York na Amurka, an keɓe wurare cikin lambunan gari inda aka yarda mutum ya gasa namansa, sauran wuri kuwa an hana. Kun gani, doka a rubuce take, kowa ya san iyakarta, nauyinta yana kan mai sayarwa, an kuma bar wa mai hura wuta inda zai tsuguna.

Ba wani abu mai wuya muke nema ba. A rubuta dokar da Hausa, da boko da ajami, a kafa allo a ƙofar kowane lambu da kasuwa, a faɗi tarar nawa ce, wanda ya biya a ba shi rasit. A keɓe wa masu tsire da masu suya gefe guda mai daɓe, nesa da ciyawa da shara, kowa da bokitin yashi kusa da shi. In kuwa da gaske ake son hana nokawut, to, a fara daga tashar jirgi da sito, mu ji sunan babban dila ɗaya da aka kai gaban alƙali.

Mu ma fa da namu laifin, kada mu ɓoye. Wa ke ajiye jarkar fetur a bayan janareta cikin rumfa? Wa ke jan waya daga kan waya har ta yi kama da gidan gizo? Wa ya fito da tebur ya cinye hanya, har motar kwana-kwana ba ta iya shiga in an yi gobara? Ba baƙi ne suka yi mana wannan ba. Maigadin layi da ke jin ɗumi da dare, sanyi ne ya dame shi, a haɗa kuɗi a saya masa bargo da kasko mai murfi ya fi a yi ta zaginsa. 'Yan'uwa masu sayar da nokawut kuma, ku lissafa ribar kwali guda, ku lissafa kuɗin kayan da ke cikin rumfarku da ta maƙwabcinku.

In an kira taron ƙungiyar layinku, ku tashi ku tambayi shugabanni rumfa nawa ke da nokawut a ajiye, da kuma ranar da aka yi gwajin famfon kashe gobara na ƙarshe.