Hasken fitila ake nema, ba hasken fata ba

1/ 'Yan uwana mata masu shiga lakca, intabiyu ko mitin ta Zoom da Google Meet, musamman mu na Gagarawa, Gumel, Maigatari da Sule Tankarkar, ku ba ni aron hankalinku. In fuskarki ta fito duhu-duhu a bidiyo, gaskiya ne haske ya yi ƙaranci. Amma hasken fitila, ba hasken fata ba. Zare ne, ku biyo ni 🧵

2/ Mu a Gagarawa Tasha, sunan ma daga tashar jirgin ƙasa ya samo asali, layin dogon Kano zuwa Nguru. A da mai neman aiki sai ya ɗaure kayansa ya hau jirgi. Yau aikin ke biyo ki har ɗakin Umma ta cikin waya, kuma abin da mai ɗaukar aiki zai fara gani shi ne fuskarki a ɗan ƙaramin akwati.

3/ Ba jiya abin ya fara ba. A Disamban 2019 masu shiga taro ta Zoom a rana miliyan 10 ne, zuwa Afrilun 2020 korona ta kai su miliyan 300. Mu kuma yajin aikin ASUU na 2022, wata takwas cur, shi ya tura da yawanmu kwasa-kwasan intanet. Sai ga shirin 3MTT ya zo a 2023.

4/ Don haka tambayar "me zan shafa kafin in kunna kyamara?" ba shirme ba ce. Minti 15 na intabiyu kan iya zama hanyarki ta samun tallafin karatu, ko aiki, ko mai sarin turarenki daga Abuja. Damuwata ita ce amsoshi biyu da suka fi yawo a tsakaninmu duk ba sa kai mu ko'ina.

5/ Amsa ta farko: kwalliyar biki. Gashin ido na kanti, gira kamar an ja da rula, hanci a fiƙe, ƙyalli a kumatu. Wannan ta kamu ce da dina, an yi ta ne don fitilun hol da babbar kyamarar mai hoto. A 'yar kyamarar gaban waya ƙyallin nan gumi yake komawa, ki fito kamar wadda ta taso daga bakin murhu.

6/ Ga kuma sabis irin namu. In netwok ya yi rauni, manhajar da kanta take rage ingancin hoto don murya ta samu ta wuce. Zanen da kika ɓata awa guda a kai sai ya dame. Abin da ke tsira kawai shi ne ido, gira, leɓe, da ko fuskarki na maiƙo ko a'a. Kin ga kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

7/ Amsa ta biyu ita ta fi ɗaga min hankali: "ai baƙar fata ba ta fita a kyamara, ki ɗan sa mai ki washe." Na sha jin wannan a hostel, daga bakin 'yan mata masu kaifin ƙwaƙwalwa. Wallahi yarinya ta shirya amsoshinta tsaf, amma duk fargabarta launin fuskarta ne.

8/ Mu duba yadda kyamara ke aiki. Tana auna hasken duk abin da ke gabanta ne, ta daidaita. In taga ko ƙofa na bayanki, za ta ga haske ya yi yawa ta rage shi, fuskarki ta koma inuwa. Ko Balarabiya aka zaunar a wurin haka za ta fito. Juya ki fuskanci tagar ki ga ikon Allah.

9/ Kuma abin na da tarihi. Tun shekarun 1950 kamfanin Kodak na Amurka ke daidaita launin hoto da wani kati mai hoton Baturiya, ana ce masa katin Shirley. Wato da farar fata aka yi awo. Sai da masu sayar da cakulan da kayan katako suka yi ƙorafi cewa kayansu ba sa fita a hoto aka fara gyara.

10/ A 2018 wata mai bincike a MIT, Joy Buolamwini, 'yar asalin Ghana, ta gwada manhajojin tantance fuska. Kuskurensu a kan fararen maza bai kai kashi 1 cikin 100 ba. A kan baƙaƙen mata ya kai kusan kashi 35. To ki gane, na'urar ce aka ƙera da nakasu. Ke lafiyarki ƙalau.

11/ Ɗaya daga cikin dalilan da suka sa Tecno da Infinix suka ci kasuwar Afirka shi ne kamfanin ya saita kyamararsa da irin fatarmu. Su sun gyara na'ura ta dace da mutum. Mu kuma sai mu ɗauki mutum mu saɓule masa fata don ya dace da na'ura? Haba jama'a.

12/ Kar a ce ina zuzutawa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya ce kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya na amfani da kayan ƙara hasken fata. A 2023 NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa baki ɗaya. Maganar nan ta wuce "ai hassada ce".

13/ Juya kwalbar ki karanta. In kin ga mercury, ƙoda yake taɓawa. In kin ga clobetasol, in aka daɗe a kansa fata ta yi sirit, jijiyoyi su bayyana, nankarwa ta fito. Hydroquinone kuma, yawan shafa shi na barin baƙin tabo mai wuyar fita. Haɗin roba ko rubutu babu. Garin neman gira a rasa ido.

14/ Abin takaicin ma, bilicin bai fita da kyau a bidiyo. Fuska fari, wuya da gaɓoɓin yatsu baƙi, kumatu sun yi ja saboda ranar nan tamu. Kina ɗaga hannu ki yi bayani kyamara ta tona asiri. Fata mai launi ɗaya, ko wane launi ne, ita ta fi kwanciya a fuskar waya.

15/ To me za a yi? A fara da haske. Da safe ko bayan la'asar, zauna ƙarƙashin rumfa ko kusa da ƙofa, haske na faɗa miki a fuska, ba a tsakiyar rana ba. Da dare, fitilar sola ko mai caji a gabanki, ɗan sama da ido. In ta yi ƙarfi, haska ta jikin farin bango ta dawo miki.

16/ Kar ki ajiye fitila a ƙasan haɓa, sai ki koma fatalwa. Kuma ba sai kin sayi mai zagayen nan ta 'yan TikTok ba. Jingine wayar kan littattafai ta zo daidai idonki. Ki goge idon kyamarar da gefen mayafi. Sau da yawa "kyamarata ba ta da kyau" ƙurar hunturu ce da maiƙon yatsa.

17/ Launin hijabi na aiki fiye da yadda ake zato. Fari tas kan sa kyamara ta rage haske, fuska ta ƙara duhu. Baƙi ƙirin kan sa ta ƙara, goshi ya yi ta sheƙi. Tsaka-tsaki ya fi: ruwan toka, ruwan ƙasa, shuɗi, ruwan ganye mai duhu. Gwada biyu ko uku ki duba da kanki.

18/ Atamfa mai ƙananan zane da leshi mai duwatsu rawa suke yi a bidiyo, su ɗauke hankalin mai kallo daga maganarki. Ki bar su sai Sallah. Mayafi ko hijabi mai launi ɗaya, a goge, an ɗaura shi yadda ba sai kin yi ta gyarawa ba. Bayanki kuma bango ko labule marar hayaniya.

19/ Yanzu kwalliyar kanta. Wanke fuska, shafa mai marar maiƙo kaɗan. Kun san garinmu daga Maris zuwa Mayu, zafi kan haura digiri 40, ga wuta ba tabbas balle fanka. Duk abin da kika laɓta mai kauri zai narke kafin a gama gaisawa. Hoda kaɗan a goshi, hanci da haɓa ta isa.

20/ Hoda ko hodar ruwa, ki zaɓi launin fatarki sak. Shafa kaɗan a muƙamuƙi, fita waje ki duba a madubi. In ta ɓace, ita ce taki. Wadda ta fi ki haske toka-toka take fitowa a bidiyo, kamar kin dawo daga injin niƙa. In mai shago ya ce "wannan za ta haska ki", ajiye masa abarsa.

21/ Shi ma wannan ba laifinki ba ne, an daɗe ana yi mana rowar launi. A 2017 da Rihanna ta fito da Fenty Beauty da launi 40, sai da duniyar kwalliya ta girgiza, sauran kamfanoni suka biyo sahu. In ba ki samu launinki a kasuwa ba, gara ki bar fuskarki haka da ki yi aron ta wata.

22/ Gira: taje ta, cike gurbi da jagira ruwan ƙasa mai duhu, kar ki zana sabuwa. Ido: siririn layi. Leɓe: janbaki mai kusa da launin leɓenki. Da hunturu kuma man kaɗe kawai, don leɓe a tsage ya fi komai fitowa a kyamara. Duka-duka minti biyar. In ta wuce haka, biki za ki.

23/ Sai kwalli. Na san da shi muka tashi, na Inna na cikin tandu har yau. Amma wani kwallin na dutse dalma ce zalla. A 2011 a birnin Boston an samu wani jariri ɗan 'yan Najeriya da gubar dalma a jininsa. Da aka auna kwallin da ake sa masa, sama da kashi 82 cikin 100 dalma ce.

24/ Mu 'yan Arewa ba sai an gaya mana aikin dalma ba. Mun ga Zamfara a 2010, yara sama da 400 suka rasu sanadin dalmar wurin haƙar zinare. Don Allah a daina rambaɗa wa jarirai kwallin da ba a san asalinsa ba. Ke kuma ki nemi fensirin ido mai lambar NAFDAC, kuma ban da karo-karo a hostel.

25/ Filta fa? Zoom na da maɓallin da ke ɗan lallashe fuska, da wani na gyara hoto in ɗaki ba haske. Ki ɗan taɓa, ba laifi. In kika ƙure shi hancinki ɓacewa yake. Kuma ki tuna, in Allah ya sa aka ɗauke ki, wata rana za ku haɗu ido da ido. Kar a ce "wa kike nema?"

26/ Wani abu da ba a cika faɗa ba: kallon kai na gajiyarwa. Masu bincike a jami'ar Stanford sun tambayi mutum sama da 10,000 a 2021. Mace 1 cikin 7 ta ce tana jigata sosai bayan taron bidiyo, maza kuwa 1 cikin 20. Babban dalili shi ne yawan kallon fuskarki kamar a madubi.

27/ Maganinsa na cikin manhajar. Duba kanki sau ɗaya kafin a fara, sannan ki ɓoye hotonki daga idonki, su suna ganin ki, ke ba kya ganin kanki. Sai hankalinki ya koma kan tambayar da aka yi miki, maimakon "shin hancina na sheƙi?"

28/ Na san akwai masu cewa: kwalliya a gaban mazan da ba muharramai ba fa? Tambaya ce mai nauyi, kuma bidiyo bai canza ta ba, kowa ta bi abin da malamanta suka karantar da ita. Abin da nake so a lura: duk abin da ya fi tasiri a zaren nan, haske, tsafta, hijabi a goge, ba janbaki a ciki.

29/ Wadda ba ta shafa komai, cikakkiyar ma'aikaciya ce. Mai niƙabi ma haka. Ba a auna ƙwarewa da hoda. Namiji zai ɗora hula kawai ya shigo mitin, ba wanda zai ce bai shirya ba. Mace ma ta cancanci wannan sauƙin. Kwalliya zaɓi ce, kar a mayar mana da ita sharaɗi.

30/ Malamanmu da masu ɗaukar aiki, Allah ya ƙara girma, ga roƙo. In ana buƙatar kyamara a kunne, a faɗa tun da wuri. In ba dole, a bari a kashe, bidiyo na cinye data fiye da murya nesa ba kusa ba. Kuma ɗalibar da ta fito duhu-duhu daga ƙauye, a saurari abin da take faɗa tukuna.

31/ Murya ma kwalliya ce. Sa abin kunne, kashe makirfo in ba ke ke magana ba, ki roƙi 'yan gida su ba ki rabin awa. Zakara da akuya da mai tallan awara ba su san intabiyu ba. Ba wanda zai tuna launin janbakinki in maganarki na yankewa.

32/ In kuɗinki na ɗaliba ne irin nawa, ga yadda zan jera: data, fitila mai caji, abin kunne, sannan hoda in da saura. Man bilicin ba ya cikin jerin, ko kyauta aka ba ki. Fatar nan da ita za ki tsufa, aikin kuwa ana iya canzawa gobe.

33/ Nan zan tsaya. Ki tura wa ƙanwarki ko ƙawarki mai shirin intabiyu. Masu sana'ar kwalliya na Gumel da Maigatari, ku ne gwanaye, in akwai ƙari ku ajiye mana a ƙasa, musamman hodar da ke jure zafinmu. Allah ya ba mu aiki mai albarka, ya rufa mana asiri. 🤲🏾