Sikelin Malamai Game da Littafin Maƙwabtanmu

Duk wanda ya san ƙasar nan tamu, tun daga Karfi har Malumfashi, ya ratsa Kafur ko ya nausa Funtuwa, ya san ba Musulmi kaɗai ke noma masara da auduga a cikinta ba, domin a ƙauyuka da yawa akwai Hausawa tsantsa, jikokin Maguzawa, waɗanda iyayensu suka karɓi addinin Kirista a hannun 'yan mishan, suna kuwa karanta littafinsu da irin Hausar da muke ciniki da ita ran kasuwa, tun da a 1932 aka buga shi cikakke cikin harshenmu, bayan doguwar wahalar da Likita Miller na Zariya da abokan aikinsa suka sha. Kai, ko a 2023, da Fafaroma ya ware wa Katsina yankinta na cocin Katolika, bishop na farko da ya naɗa, Gerald Mamman Musa, ɗan ƙasar Malumfashi ne. Saboda haka tambayar da samari ke yawan yi, wai mene ne matsayin Musulmi game da saɓanin da ke tsakanin Alƙur'ani da Baibul, a wurinmu mas'ala ce ta maƙwabci da abokin gayya, ya kamata kuwa a amsa ta yadda malamai suka amsa.

Asalin aƙida ba shi da ruɗani. Imani da littattafan Allah rukuni ne daga rukunan imani, wanda duk ya ƙaryata Attaurar Annabi Musa, ko Zaburar Annabi Dawuda, ko Linjilar Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare su, ya yi sallama da Musulunci. Sai dai Alƙur'ani, wanda ya zo daga ƙarshe, shi ne mai gaskata abin da ya gabace shi, shi ne kuma alƙali a kansa, ya kuma tuhumi wasu daga cikin Ahlul Kitabi da karkatar da magana daga muhallinta. Wannan karkatarwa ita malamai ke kira tahrifi, a nan kuma suka rabu, rabuwar da mafi yawan masu riƙe lasifika a yau ba su da labarinta. Ibn Hazm na Andalus, wanda ya rasu a 1064, ya tafi a kan cewa lafazin kansa aka canja, ya bi littafin yana tono abin da yake ganin tufka da warwara ne, da kaifin alƙalamin da aka san shi da shi. Ibn Haldun kuwa, wanda ya rasu a 1406, ya ga da wuya al'umma ta taru da gangan ta ɓata littafin da take bauta da shi, sai ya karkata ga cewa galibin tahrifin a tawili yake, watau a ma'ana. Ibn Taimiyya ya tsaya tsakani, ya ce an taɓa wani sashe, sashe mai yawa kuma yana nan. Har ma an yi wani malami a Masar, Biƙa'i, wanda ya riƙa ciro dogayen nassoshi daga Attaura da Linjila yana sakawa cikin tafsirinsa, malaman zamaninsa suka yi masa ca, shi kuma ya wallafa littafi sukutum yana kare halaccin abin da ya yi.

Abin da ya fi amfani ga almajiri shi ne sikelin da Ibn Kasir ya ajiye a muƙaddimar tafsirinsa game da labaran Isra'iliyyat, watau waɗanda aka samo daga Ahlul Kitabi, inda ya kasa su uku: abin da ya dace da wahayinmu, mu gaskata shi, abin da ya saɓa masa ƙarara, mu bar shi, abin da shari'armu ta yi shiru a kansa, kada mu gaskata, kada kuma mu ƙaryata, bisa umarnin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wanda Buhari ya ruwaito. To, wanda ke riƙe da wannan sikeli ba zai iya ɗaga littafin mutane a bainar jama'a ya ce ƙarya ne daga bango zuwa bango ba, don kuwa mai yiwuwa ya haɗa da maganar da Allah ya saukar ya ƙaryata, bai sani ba.

Kashi na biyu ba ƙarami ba ne, ba kuma ladabi ba ne a ɓoye shi don a daɗaɗa wa wani. Littafinsu ya ce an gicciye Almasihu ya mutu ya tashi, Suratun Nisa'i ta kore kisan da gicciyewar. Su suna kiransa ɗan Allah, mu muna kiransa bawan Allah da manzonsa, wanda budurwa Maryama ta haifa ba uba. Littafinsu ya jingina wa Haruna ƙera ɗan maraƙi, Alƙur'ani ya ɗora laifin a kan Samiri. Littafinsu ya kuma faɗi abubuwa game da Luɗu da Dawuda waɗanda aƙidar isma, watau tsarkin annabawa, ba ta barin Musulmi ya karɓa. Amma a cikin abin da jama'a ke ɗauka an gama magana a kansa akwai wanda magabata suka yi saɓani. Ɗan da aka umarci Annabi Ibrahim ya yanka, littafinsu ya ce Isyaku ne, mu kuma tun muna yara a makarantar allo aka gaya mana Isma'ila ne, shi ne kuma ra'ayin da ya rinjaya, ni ma a kansa nake. Sai dai Alƙur'ani bai ambaci sunan yaron a cikin ƙissar ba, Ɗabari kuma, shehun masu tafsiri, Isyaku ya zaɓa, ba wanda ya kafirta shi.

Akwai kuma wani bambanci da ke ƙarƙashin duk waɗannan, wanda rashin fahimtarsa ke sa muhawara ta zama kamar kurame biyu suna cinikin sa. Musulmi in ya ce littafi, nufinsa maganar Allah da lafazinta, wadda Mala'ika Jibrilu ya sauko da ita ga annabi guda, surori 114. Kirista kuwa abin da ke hannunsa tarin littattafai ne, 66 a wurin wasu, 73 a wurin Katolika, waɗanda shi da kansa yake cewa mutane daban-daban suka rubuta cikin ɗaruruwan shekaru da ilhamar Ubangiji, Linjila ma huɗu ce a wurinsa, kowace da sunan marubucinta. In ka ce masa ai mutane suka rubuta, ka gaya masa abin da aka koya masa tun yana ƙarami, don a wurinsa Almasihu ne kansa Kalmar, littafin shaida ne a kansa.

Salon ƙure da tara ayoyi masu karo da juna baƙo ne a gare mu. Irinsa na zamani ya taso daga muhawarar Agra ta ƙasar Hindu a 1854, tsakanin Shehu Rahmatullah da wani ɗan mishan mai suna Pfander, wanda shi ya fara tsokana, sa'an nan kasakasan Ahmed Deedat na Afirka ta Kudu suka watsa shi cikin garuruwanmu. Ban ce ba shi da wurinsa ba, wanda aka taka dole ya kare kansa. Amma manya ba su manta watan Maris na 1987 ba, lokacin da gardama a kan wa'azin da wani ya yi da ayoyin Alƙur'ani a kwalejin horon malamai ta Kafanchan ta zama wuta, ta bi hanya har ta iso Funtuwa, aka ƙona wuraren ibada, alhali da yawa daga waɗanda abin ya shafa ba su ma ji wa'azin ba.

Shawarata ga malaman Karfi da kewaye ita ce, in azumi ya kama, kafin a buɗe Jalalaini a shiga Baƙara, a keɓe dare guda a karanta wa jama'a wannan kaso uku na Ibn Kasir, a fassara shi da Hausa filla-filla, a kuma sa shi cikin darasin manyan azuzuwan Islamiyya. Bai fi 'yan layuka ba, littafin kuwa da wuya a rasa shi a zauren malamin da ke tafsiri.