Juya Takalminka Ka Gani

Kafin mu fara, kowa ya cire takalminsa ya juya shi. Gefe ɗaya ya fi ɗaya cinyewa?

Ina aji ɗaya na babbar sakandare na gaji takalmin yayana, wanda duddugensa ya riga ya cinye ta gefe guda. Ban cika zango ɗaya da shi ba gwiwata ta fara ciwo, sai kwankwaso ya biyo baya. Inna ta ce gajiyar ƙwallo ce. Da muka je asibiti, likita bai taɓa bayana ba tukuna, sai ya ce, "Miƙo mini takalminka."

Ga dalilinsa. A kowace ƙafa akwai ƙasusuwa 26 da gaɓoɓi 33. Ƙafafu biyu ke nan suna ɗauke da 52 daga cikin ƙasusuwa 206 na jikin babban mutum. Idan tafin ƙafa yana karkata ciki fiye da kima wajen taku, ƙwauri ma sai ya juya ciki, gwiwa ta bi shi, kwankwaso da ƙasan baya su yi ta ƙoƙarin daidaita jiki. Ka yi haka kullum tsakanin gida da makaranta, ga jaka cike da littattafai a kafaɗa ɗaya, ciwo na iya ɓulla nesa da inda matsalar take. Ba kowane ciwon baya ne daga ƙafa ba, amma ƙafa na cikin wuraren da ake dubawa.

Akwai likitocin da ƙafa kaɗai ce sana'arsu. Ɗaya daga cikin fitattunsu shi ne William Scholl, Ba'amurke da aka haifa a 1882. Yana matashi ya yi aiki a shagon takalma a Chicago, inda ya lura masu saye da yawa suna kukan ciwon ƙafa. Sai ya karanci likitanci, ya ƙirƙiro wani abin tokare tafin ƙafa da ake sakawa cikin takalmi, kuma a 1912 ya kafa makarantar koyar da kula da ƙafa. Ya rasu a 1968, amma har yau makarantar na ɗauke da sunansa tana yaye likitoci.

To, idan za a saya muku takalmi, ku gwada shi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ku bar faɗin babban yatsa tsakanin yatsunku da bakin takalmin. Wanda ya cinye, a kai wa shumeka ya gyara. Ciwon da ya ƙi tafiya kuwa, a gaya wa iyaye a je asibiti. Ni dai Naira kaɗan na biya shumeka, gwiwata ta huta.

Sai mako mai zuwa.