Raddi Ga Mai Cewa Zamanin Masallacin Ƙasa Ya Wuce

Wata magana ta taso daga Filinge har ta iso mu nan Sanam, daga bakin wani ɗan'uwa mai wa'azi, wai a rushe masallatan ƙasa na ƙasar Kurfai a zuba na siminti. Ya kafa hujja da Masallacin Juma'a na Zariya, wanda ke cikin ganuwar birnin, daura da fadar Sarkin Zazzau. Abu uku ya faɗa, ga amsarsu.

Na farko, ya ce ba aikin Bahaushe ba ne, baƙi ne suka gina shi, don haka ba gadonmu ba ne balle mu yi kishinsa. Malam, wannan ba haka ba ne. An gina shi zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, kuma maginin sananne ne, Babban Gwani Muhammadu Durugu. Shi kansa ginin ya isa shaida. Azara ce, tsagin giginya da gara ba ta ci, aka jera wata bisa wata, kowace ta ɗan zarce ta ƙasa, daga ginshiƙi zuwa ginshiƙi har suka haɗu a sama suka zama bakan gizo. Aka lulluɓe su da ƙasa, aka ɗora tulluwa a kai. Haka magina ke rufin soraye a Kano da Katsina.

Na biyu, ya ce ƙasa ba ta da ƙarko, tunda wani sashe na masallacin ya rufta ran 11 ga Agusta 2023 ana sallar La'asar, aka yi asarar rayuka. Gaskiya ne an yi wannan rashi, Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Amma ginin da ya haura shekara 180 a tsaye, ta yaya za a ce ba shi da ƙarko? Hasumiyar masallacin Agadas mai tsawon mita 27 ƙasa ce, an sake gina ta a 1844, ga ta nan tsaye saboda ana sabunta mata yaɓe. Benayen siminti nawa suka rufta a Legas tun ba su tsufa ba? Kowane gini kulawa yake so.

Na uku, ya ce ɗakin Allah ya fi ƙarfin a yi shi da laka. Subhanallah! Masallacin Manzon Allah (SAW) a Madina da tubalin ƙasa aka gina shi, ginshiƙansa kututturan dabino, rufinsa ganyen dabino. Wa zai ce an wulaƙanta shi? A jihar Tawa kuma, masallacin Yama da Falke Barmu ya fara ginawa a 1962 ya ci lambar yabo ta Aga Khan a 1986, shi ma ƙasa ne.

Saboda haka hujjojin nan uku ba su tsaya ba. Garin da masallacinsa ya yi wa jama'a kaɗan, ya gina sabo a gefe, babu laifi, amma kada a taɓa tsohon. Limamai da masu gari, kafin ruwan farko a kira magini ya hau rufi, ya duba azara, ya share indararo, ya toshe tsaga, a sake yaɓe. Allah Ya sa mu dace.