Murya Kaɗai Ba Ta Yin Mawaƙi

Akwai wata magana da ake yawan faɗi a dandali da kasuwa. Ana cewa waƙa baiwa ce, ba a koyon ta, wanda Allah ya ba murya ya buɗa baki kawai. Wannan magana ta cuci samari da ƴan mata da yawa. Baiwa gaskiya ce, amma kamar gona take. Gona ko mai albarka ce, in ba a nome ta ba, sai hakukuwa su cinye ta.

Mu duba wata irin waƙa da ake kira opera. Wasan kwaikwayo ne da ake yi da waƙa da kiɗa. An fara shi a ƙasar Italiya wajen shekara ta 1600. Mawaƙin opera yana tsayawa cikin babban zaure, ba lasifika a bakinsa. Makaɗa masu yawa suna kiɗa a gabansa, amma tilas muryarsa ta fi ƙarfin kiɗan. A Milan, zauren La Skala yana ɗaukar mutum wajen 2000. Na can baya ma sai ya ji kowace kalma. Ka ce ihu ne zai yi wannan aiki? A'a. Mai ihu, kafin dare ya raba muryarsa ta dushe.

To, me ake koya musu? Da farko numfashi: a jawo iska har cikin ciki, a sake ta sannu-sannu. Sai karatun alamun kiɗa a takarda, don kowane sauti yana da rubutunsa. Sai harsuna, domin yawancin waƙoƙin da Italiyanci, Faransanci ko Jamusanci aka tsara su. Sai kwaikwayo. Sai kuma malami ya gane irin muryar ɗalibi, siririya ce ko kakkaura, don kada a ɗora mata kayan da ya fi ƙarfinta.

Ga misali. Luciyano Pabaroti, an haife shi a Modena, cikin Italiya, a 1935. Ubansa mai gasa burodi ne, kuma yana da murya mai daɗi, amma bai mai da waƙa sana'a ba. Ɗan ya shiga hannun malami a 1954. Yana koyo, yana aikin koyar da yara a lakwal don ya sami na abinci. Har ɗan ƙullutu ya taɓa fito masa a maƙogwaro, ya kusa barin waƙa. Sai a 1961 ya fito wasansa na farko na opera. Shekara 7 ke nan yana koyo. Da ya rasu a 2007, duniya duka ta san muryarsa.

Kada ka ce abin na Turawa ne kaɗai. Piriti Yende baƙar fata ce, an haife ta a 1985 a wani ƙaramin gari na Afirka ta Kudu. Tana da shekara 16 ta ji waƙar opera cikin wata talla a talabijin. Ba ta tsaya ga kwaikwayon abin da ta ji ba. Ta tafi makarantar kiɗa a birnin Kap, daga nan ta wuce makarantar La Skala. A 2013 ta yi waƙa a babban zauren opera na Niyok. A 2023 ta yi waƙa wurin naɗin Sarkin Ingila.

Wani zai ce: ai mawaƙanmu ba su shiga lakwal ba, ga su sun shahara. Gaskiya ne ba su zauna bisa benci ba. Amma wa ya ce ba su yi koyo ba? Ka dubi ɗan amshi. Shekaru yake yi bayan maigidansa, yana ɗaukar kaya, yana amsawa, yana lura da inda ake ɗaga murya da inda ake sauke ta. Wannan ma makaranta ce, kuma mai wuya.

Wani kuma zai ce: makaranta ba ta ba mutum murya. Haka ne. Malami ba ya halitta. Amma yana tsare abin da aka halitta kada ya lalace. Abin da ke fid da murya wasu ƴan tsoka ne guda biyu cikin maƙogwaro, ba su kai tsawon ɗan yatsa ba. In aka takura su kullum, sai su kumbura, wani lokaci sai an je wurin likita.

Yau yaro ya sami waya, ya ɗauki waƙa ɗaya, abokai su tafa masa, shi ke nan ya ce ya zama gwani. Kai uba, ke uwa, kada ku taya shi wannan ruɗi. Kada kuma ku yi masa dariya. In kun yarda ya bi wannan hanya, ku nema masa malami na kirki, a gari ko a makarantar koyon kiɗa ta Yamai. In muryarsa tana fashewa lokacin balaga, ku hana shi tilasta ta. Ku gaya masa Pabaroti ma sai da ya yi shekara 7. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.