Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓe Kuɗi

'Yan'uwa ɗalibai, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, haka nan mutum ɗaya ba ya gama bincike. To, amma in an ɗora jinka, sunan wa ake kira?

Tsakanin 1911 da 1913 Frank Edgar ya buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, juzu'i uku. Malamanmu ne suka rubuta labaran da ajami, amma sunan Bature ne a bango. Ƙamus ɗin Abraham ya fito a 1949 da sunan Malam Mai Kano tare da nasa. Da aka sake bugawa a 1962, sai sunan malamin ya yi ɓatan dabo.

Muka ce halin 'yan mulkin mallaka ne. To, yau fa? Ɗalibi ya sha rana ƙauye-ƙauye yana tattaro bayanai, ya hana idonsa barci ya rubuta maƙala, sa'an nan wani babba da bai karanta ko shafi guda ba ya ɗora sunansa a gaba, don da yawan maƙalu ake samun ƙarin girma. Ɗalibi ya yi gum, domin digirinsa na hannun babban.

Malamin da ya yi jagora da gaske, haƙƙinsa ne a sa sunansa. Abin da muke nema shi ne, tun kafin a ɗora alƙalami, a zauna a rubuta aikin kowa da jerin sunaye, shugaban sashe ya sa hannu. Wanda ya ba da kuɗi ko kayan aiki, a gode masa a ƙasan shafi. Suna kuwa, sai wanda ya yi gumi.